Wai 'yan kwana-kwana na waye, kuma in mu 'yan kasuwa mun sayi motar kashe gobara tamu zata fisshe mu?

Alhaji Sani Mai Atamfa:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Shawara nake nema kuma da gaske nake. Sanyi ya shigo iska ta fara kaɗawa, duk ɗan kasuwa yasan wannan ne lokacin da ake kwana da ido ɗaya. Sabon Gari ta Kano ta ƙone a 2016, babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina duk a 2021, Monday Market ta Maiduguri a 2023, mutane sun kwanta da dukiya sun tashi ba ko allura. To mu a ƙungiyarmu wasu sun kawo shawarar mu tara kuɗi mu sayi motar kashe gobara tamu ta kanmu, mu ɗauki yara mu dinga biyansu, mu daina jiran kowa. Kafin in sa bakina a taron nake so in fahimci yadda abin yake, wai su 'yan kwana-kwanan nan na tarayya ne ko na jiha ko na ƙaramar hukuma? Wa ke sai musu mai da ruwa? Duk mai sani dan Allah ya taimaka

Abban Ilham:
Wslm Alhaji wlh ku saya kawai kada ku tsaya jin ta bakin kowa. A unguwarmu gobara ta tashi gidan makocinmu aka kira su, sanda suka zo rufin daki biyu ya riga ya fadi, suna fara fesawa ba'a jima ba sukace ruwa ya kare zasu je su debo. Ruwa ya kare fa! to me kazo yi

Maman Walid:
Wannan magana ta ruwa ya ƙare kowa ka tambaya sai ya baka labarinta. Ni dai abinda bana so shine jifan da yara ke musu, mutum yazo taimakonka ka fasa masa gilashi gobe wa zai zo

Baba Garba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam Alhaji Sani. Aikin nan shi na yi har na ajiye, saboda haka bari in amsa maka dalla-dalla, kai kuma Abban Ilham ɗana ka tsaya ka ji maganar ruwan.

A Najeriya ba hukuma ɗaya bace. Akwai ta tarayya, tana ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida, shugabanta Kwanturola Janar, makarantar horonsu tana Sheda kusa da Abuja. Sannan kowace jiha da tata, da daraktanta, albashi da mota da mai duk daga aljihun gwamnatin jihar suke fitowa, shi yasa zakaga jiha kaza motocinta na sheƙi, ka tsallaka maƙociyarta ka tarar rabin motocin suna kan dutse ba taya. Filayen jirgin sama nasu daban ne na FAAN, hukumar da ke kula da filayen jiragen sama, su ba zasu bar filin jirgi su taho kasuwarka ba don in suka fita jirgi bai isa ya sauka ba. Tashoshin jiragen ruwa da matatun mai da manyan kamfanoni suma da nasu. Galibin motar da zata zo maka in ka kira, ta jiha ce.

A cikin tasha kuwa an raba mutane rukuni-rukuni, wasu na duti wasu na hutu, dare da rana ba'a rufe ƙofa. Akwai na ɗakin karɓar kira, akwai direba wanda shine kuma mai kula da famfon motar, akwai masu riƙe tiyo, akwai oga mai bada umarni a wurin. Kuma ba wuta kaɗai bace, yaro ya faɗa rijiya mu ne, wani ya nutse a kududdufi mu ne, gini ya rufta mu ne, har saniya in ta faɗa rami mu ake kira.

Ruwa. Ka ɗauki mota mai cin lita 4,000, jarkar 'yan garuwa mai lita 25 guda 160 kenan, a ido kamar da yawa. Amma tiyo ɗaya in an buɗe shi sosai yana zubar da wajen lita 400 zuwa 500 a minti guda, in ka buɗe biyu ka lissafa da kanka, minti 5 tayi yawa tanki ya bushe. Ba wai da rabin tanki suka zo ba ɗana, haka motar take ko a Landan. Ruwan da ke cikinta na fara kai farmaki ne kawai kafin a jona ta da famfon gobara, irin bakin famfon nan da ake dasawa a gefen titi mai haɗe da babban bututun ruwan gari. Inda ake da shi kuma da ƙarfin ruwa a ciki, mota zata kwana tana feshi. Mu kuma ina yake? Wasu an yi gini a kansu, wasu kwalta ta binne su, wanda ya rage ka buɗe iska ce zata fito saboda bututun kansa ba ruwa. To dole direba ya juya ya tafi ɗebowa, ya ratsa gosulo ya dawo, wutar kuma bata jiransa

Abban Ilham:
Toh Baba naji ta ruwa Allah ya kara girma. Lattin fa?

Baba Garba Mai Ritaya:
Wani lattin namu ne ba zan kare ba, mota ba mai ko batir ya mutu, wannan sakaci ne kuma haƙƙin mutane ne. Amma ka tambayi kanka yaushe aka kira. Mutanenmu sai sun gama gwada bokiti da ƙasa da ruwan omo, wuta ta kama silin, sannan wani ya tuna da waya, shima bashi da lambar sai an nemo. An samu an kira kuma kwatancen shine "bayan gidan mai unguwa kusa da mai shayi". Ga jiniya kana kunnawa mai adaidaita ko gezau. Ka iso lungun mota bata shiga, ka tarar da mutum ɗari biyu sun tsaya ɗaukar bidiyo a kan tiyo

Malam Nura Tarihi:
Alhaji Sani shawarar da 'yan ƙungiyarku suka kawo an taɓa gwada ta, kuma ba a ƙaramin gari ba, a Landan, shekara kusan 200 suna kai. Bari in baku labarin don yana da amfani.

A watan Satumbar 1666 wuta ta tashi a gidan wani mai gasa burodi a wani lungu da ake kira Pudding Lane, ta yi kwana 4 tana ci, gidaje sama da 13,000 da coci 87 suka tafi. Lokacin babu wata hukumar kashe gobara, bokitin fata ne da ƙugiyoyin rushe gini. Bayan nan aka fara kamfanonin inshorar gobara, kowane kamfani ya ga in gidan da ya ɗauki nauyi ya ƙone shi zai biya, sai ya ɗauki nasa 'yan kwana-kwanan, yawanci matuƙa kwalekwalen kogin Thames, ya ɗinka musu kaki mai kalarsa, ya kuma manna wata alama ta ƙarfe a bangon duk gidan da ya biya. Kaga dai tsarin "wanda ya biya shi ke da mota" kenan.

Matsalar ita ce wuta bata karanta alamar bango. In ta kama gidan da bai biya ba ka ƙyale, anjima tana gidan da ya biya, saboda haka dole suke kashe ta kowa, kuɗin kuma daga mutum kaɗan yake fita. A 1833 kamfanoni 10 suka haɗe rundunoninsu wuri ɗaya, mutum 80 kacal ga birni irin Landan, suka ɗauko James Braidwood ya shugabance su, shine wanda ya jagoranci rundunar birnin Edinburgh da aka kafa a 1824. Shekara ɗaya da haɗewar majalisar dokokin Ingila ta ƙone a 1834. Sai 1861 gobarar rumbunan kaya ta titin Tooley, wuraren ajiyar 'yan kasuwa ne a bakin kogi cike da kitse da mai da auduga, ta yi wajen sati 2 kafin ta mutu gaba ɗaya, bango ya faɗo kan Braidwood ɗin ya mutu a wurin. Daga nan kamfanonin suka rubuta wa gwamnati cewa mun gaji, wannan ba nauyin 'yan kasuwa bane. Aka yi doka a 1865, ranar 1 ga Janairun 1866 rundunar ta koma hannun hukuma ana biyanta da kuɗin jama'a.

Wato masu kuɗin da suka fi ku kuɗi Alhaji, su da kansu suka miƙa makullin

Alhaji Sani Mai Atamfa:
Ikon Allah. Malam Nura wannan gobarar rumbunan kaya kamar kana bani labarin layinmu, mu ma ai yadi ne da katifa da robobi cunkushe har rufi. Amma su ai gwamnatin da suka miƙawa ta riƙe, mu fa?

Malam Nura Tarihi:
Tambayarka a kan hanya take Alhaji. Suma ba dare ɗaya ta riƙe ba amma. Kuma mu namu tsarin daga can aka kwaso shi, a farkon shekarun 1900 aka fara a Legas a matsayin wani sashe na 'yan sanda, sai 1963 aka yi dokar da ta fitar da shi ya tsaya da ƙafarsa. An kwaso kaki da muƙamai da fareti, bututun ƙarƙashin ƙasa da tsarin titunan ne garuruwanmu suka girma suka bari a baya.

Tun a Rum ta dā ma haka aka yi ta fama. Akwai wani attajiri Crassus, yana da bayi magina sama da 500, in gobara ta tashi sai ya je ya taya gidan da ke ci da na maƙota a farashin banza, masu gida cikin firgici su sayar, da haka ya mallaki babban yanki na birnin. Sarki Augustus ne a shekara ta 6 miladiyya ya kafa runduna ta hukuma, ƙungiya 7 aka raba musu unguwanni 14 na birnin, kowace ta ɗauki biyu, yawancinsu 'yantattun bayi. Babban aikinsu ma sintirin dare ne, suna zagayawa suna duba wanda ya bar wuta ba kula, kuma suna da ikon hukunta shi

Isuhu Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni ina ganin matsalarku ta Najeriya farar hula kunka ba aikin. Nan Nijar sojoji na, soja sosai mai lambar soja, ka buga 18 su taho, kuma ba yaron da ya isa ya ɗauki dutse ya jefi motar soja. Daga Faransa munka gaji abin, can Napoleon ya maida na Paris soja a 1811 bayan wata gobara da ta tashi wurin biki a gidan jakadan Ostiriya a 1810 mutane sunka mutu, har yau na Paris sojan ƙasa na, na Marseille kuma sojan ruwa. Ku ba soja ku gani in ba a samu horo ba

Baba Garba Mai Ritaya:
Malam Isuhu horo kam ba musu, kuma kwarjinin kaki yana hana jifa. Amma soja ma da ruwa yake kashe wuta ba da bindiga ba. In ba famfo a titi shima juyawa zai yi

Isuhu Ɗan Maraɗi:
Wannan gaskiya na Baba. Babbar kasuwar Yamai ma ta ƙone ƙurmus a 1982 sai da anka sake gina ta. Kuma abin da ba ya fita raina shi na 'yan makarantar nan, Yamai a watan Afrilun 2021 yara wajen 20, nan Maraɗi a Nuwamba na shekarar yara sama da 20, duk cikin azuzuwan zana. Zana in ta kama ko motar tana bakin ƙofa ba ta cimma ta. Allah Ya jiƙansu

Maman Walid:
Amin ya Allah. Wlh duk sanda na tuna yaran nan sai naji cikina ya juya, ƙanana ne fa wasu ko karatu basu fara iyawa ba

Bashir Jamus:
Amin. Malam Isuhu ƙarin bayani kaɗan, ko a Faransar in ka fita daga Paris da Marseille yawancinsu ba soja bane, kusan kashi 80 cikin 100 'yan sa kai ne. Nan Jamus ma abin ya fi haka, 'yan sa kai sun haura miliyan 1, garuruwan da ke da cikakkiyar runduna ta ma'aikata na dindindin masu albashi ɗari da 'yan kai ne kawai, manyan birane. A ƙauyen da nake aiki makanike ne da malamin makaranta da manomi da mai gidan burodi, kowa da 'yar na'ura a ƙugunsa, tana ƙara zakaga mutum ya ajiye sifana ya ruga, cikin 'yan mintuna mota ta fito. Amma fa kar a ɗauka kara zube ne, ƙaramar hukuma doka ta ɗora mata sayen mota da gina tasha da kayan sawa, horo kuma dole ne sai ka ci jarabawa kafin a barka ka shiga hayaƙi da tukunyar numfashi, mai gidan da kake wa aiki dole ya sake ka kuma hukuma ta biya shi lokacin da ka ɓata. Yara tun suna 'yan shekara 10 ake sa su a ƙungiyar matasa ta kwana-kwana. Amurka ma wajen kashi 2 cikin 3 'yan sa kai ne, tun ƙungiyar da Benjamin Franklin ya kafa a Philadelphia a 1736, ƙasar Chile kuwa duka 'yan sa kai ne.

Abinda nake nufi Alhaji, mutane su fito daga cikinku, kaya da horo su fito daga hukuma. Mu da muke da 'yan sintiri da 'yan agaji a kowane masallaci ai bamu rasa mutane ba

Abban Ilham:
Yaya Bashir nan fa ba Jamus bace. Wa zai bar shagonsa a bude ya tafi kashe wutar wani kyauta, kafin ya dawo an kwashe masa kaya. Kuma ai a gobarar kasuwa rabin asarar ma barayi ne ba wuta ba

Bashir Jamus:
To ai yanzun ma matasan unguwa ne ke fara kai ɗauki kafin kowa yazo, kai kanka nasan ka ɗauki bokiti ranar ta maƙocinku. Kyauta kuka yi. Bambancin kawai ba wanda ya koya muku a fara kashe mita kafin a watsa ruwa

Hajiya Turai:
Ku bari in sa baki 'ya'yana. Duk kuna maganar bayan wuta ta tashi. Wanda yaje aikin hajji kafin 1997 ya san tantunan Mina na yadi ne, kowa da risho ko tukunyar gas a ciki yana girki. A shekarar wuta ta tashi iska ta kwashe ta, alhazai sama da 300 suka rasu, tantuna wajen 70,000 suka ƙone. Saudiyya ba motoci kawai ta ƙaro ba, tantunan ta canja gaba ɗaya zuwa waɗanda wuta bata ci, ta hana girki da gas a ciki, ta sa bututun ruwa a ko'ina, kuma jami'an Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwanansu, suna bi tanti-tanti suna dubawa, in sun ga tukunya ɗauke ta zasu yi ko ta waye. Ku a kasuwa wa ke hana mai shayi kwana da garwashi? wa ke duba wayoyin nan da aka ja kamar saƙar gizo?

Baba Garba Mai Ritaya:
Hajiya Allah Ya saka da alheri, kin taɓo inda ke min ciwo. A kowace hukumar kashe gobara akwai sashen rigakafi, aikinsu duba gini da gidajen mai da kasuwanni da bada takardar shaida, kuma shine sashen da aka fi rainawa. In ka je kace Alhaji wannan rumfar ta toshe hanyar mota a cire, kafin ka koma ofis an buga waya daga sama ance ka bar mutane su ci abinci. Na sha tsayawa da mota a bakin ƙofar kasuwa ina hango wutar da idona, hanyar da aka zana tun asali don mota an yanka ta an yi shaguna an sayar, sai dai mu jona tiyo kan tiyo mu ja da hannu, kuma duk tsawon da ka ƙara ƙarfin ruwan raguwa yake. Kafin ka kai, kwanon rufi ya haɗe layi da layi wutar tana gudu ta cikin silin a saman kanka baka ganinta.

Yawancin ta kasuwa kuma da dare take tashi, an ɗauke wuta da yamma kowa ya rufe shago bai kashe soket ba, ƙarfe biyun dare a dawo da ita da ƙarfi, waya ta narke a kan dilar yadi. Maigadi yana ganin hayaƙi amma makullin yana gidan mai shago a wata unguwa

Maman Walid:
Baba ta tankar mai fa? naga ance ba'a zuba mata ruwa

Baba Garba Mai Ritaya:
Haka ne 'yata, fetur yana tasowa saman ruwa, in ka zuba sai ya hau kai ya bi kwata da wutarsa. Kumfa ake fesawa ta rufe shi ta hana shi iska, ita kuma tsada gareta kuma tana lalacewa in ta daɗe a ajiye, tashoshi da yawa basu da isasshiya. Haka man gyaɗa in ya kama a kasko kar ki kuskura ki zuba ruwa, kashe gas ɗin ki rufe da murfi. Amma ta tanka maganinta na farko mutane su yi nisa. Majiya a Jigawa watan Oktoban 2024 mutum sama da 150 ne suka tafi, yawancinsu sun je kwasar mai ne, babu rundunar da zata iya ceton mutumin da ke tsaye cikin fetur har idon sawu

Abban Ilham:
Allah ya jikansu. Ni dai har yanzu ina kan bakata Alhaji, mota a kofar kasuwa tafi mota a wata unguwa. ko minti biyar din ne ai wani abu ne in aka zo da wuri

Baba Garba Mai Ritaya:
Wannan maganar taka akwai gaskiya a ciki ɗana, wutar da aka cimma tana shago ɗaya lita 4,000 ta isheta har ta yi saura. Abinda nake tsoro shine shekara ta biyu. Mota tana son direba uku don duti, tana son mai ko bata fita ba, ana tada ta kullum, tiyo yana ruɓewa, in an yi wata shida ba gobara masu bada kuɗin wata zasu fara cewa me ake da ita, wata rana ka tarar an tafi da ita ban ruwan bulo

Alhaji Sani Mai Atamfa:
Baba kamar kasan mutanena. To yanzu in kai ne a kujerata me zaka faɗa musu ranar Asabar

Baba Garba Mai Ritaya:
Zance kuɗin motar a fara haƙa burtsatse da babban tanki na ƙasa a cikin kasuwar, ba ƙasa da lita 50,000 ba, da injin turo ruwa mai amfani da dizal don ranar gobara ba lantarki, da bakin jonawa daidai da tiyon hukumar jiharku, ku je ku tambaye su girman kafin ku saya. Kowace mota tazo ta samu ruwa a wurin ba sai ta juya ba. A buɗe hanyar shiga ko da shago goma za'a biya diyya a cire, wannan shine zai fi wuya don masu shagunan suna cikin taron. Kowane layi a sa masa babban makashin wuta guda a waje wanda maigadi zai sauke in an tashi. Masu gadi da 'yan dako a zaɓi ashirin ko talatin a rubuta wa daraktan hukumar takarda a turo masu koya musu, suna yi kuma suna jin daɗin a neme su. Jajayen tukwanen kashe wuta a rataye a waje ba a kulle cikin ofishin ƙungiya ba, lambar tashar da ta fi kusa, da lambar kiran gaggawa ta 112, a rubuta da fenti a kowace ƙofa.

In duk an yi wannan kuɗi ya ragu, ku gina rumfar mota da ɗakin kwana a bakin kasuwa ku nemi jiha ta ajiye muku mota da ma'aikatanta, ku kuna taimakawa da mai. Albashi da horo na wuyansu, kusanci naku

Bashir Jamus:
Alhaji a ƙara da gwaji ko sau biyu a shekara, a busa usur da rana tsaka aga minti nawa za'a ɗauka kafin ruwa ya fito a tiyo

Alhaji Sani Mai Atamfa:
Na rubuta duka. Maganar cire shaguna nasan za'a yi hayaniya don biyu daga ciki na mataimakina ne, amma zan faɗa. Baba in ba damuwa zan turo yaro da mota ya ɗauko ka ranar Asabar bayan la'asar, gara su ji lissafin jarkar nan daga bakinka

Baba Garba Mai Ritaya:
Allah Ya kaimu Alhaji. Ka sa a nemo min taswirar kasuwar ta asali in tana nan, da igiyar awo, kuma a gayyato shugaban masu gadin dare. Zan so mu fara zagaya layukan da ƙafa kafin a zauna